Shuɗiyar Hular Kalilu

Duk wanda ya tsallaka iyakar Jibiya zuwa Maraɗi a shekarun baya, in bai san fuskar Kalilu ba, to ya san muryarsa. Shi ne ɗan kamashon ƙaramar tasharmu, mai kiran fasinja har mota ta cika. Ni rumfar facina tana daidai bakin ƙofar tashar, don haka na sha muryar nan har kunnena na hagu ya fi na dama nauyi. In ya cika ƙirji ya ce Maraɗi, awakin Magama sai sun ɗaga kai. Direbobi suna rantsuwa wai jandarman da ke tsaron shinge a Ɗan Isa yana sanin mota ta kusa cika tun ba ta taso ba. Ƙarya suke yi, amma ba da yawa ba.

Ba kira kaɗai yake yi ba. Yakan fizge kayan fasinja tun daga titi, ya yi faɗa da mai kayan, ya tambaye shi lafiyar gida, ya cusa shi a kujerar baya, duk a numfashi ɗaya. Ya taɓa loda wani bawan Allah da rakiya kawai ya kawo, sai da aka wuce shinge mutumin ya tuna ba shi ne matafiyin ba. Abin da kamasho ke kawowa bai taka kara ya karya ba, amma Kalilu ba don shi yake yi ba. Mutumin nan kira ne abincinsa, in ka raba shi da shi ban san abin da zai saura ba.

Sai taubashinsa Rabe, mai ɗaurin kaya a bayan mota. Mahaifiyar Kalilu ƙanwar mahaifin Rabe ce, kuma tun suna rarrafe aka haɗa su wasa. Rabe mutum ne mai sanyi kamar kunun jiya. In igiya ta kufce masa, har haƙuri yake ba ta. Gaban Kalilu kaɗai yake da baki, a nan kuwa bakin yana da kaifi. Ƙa'idar wasan nasu kowa ya san ta: ka ƙaga wa ɗan uwanka duk ƙaryar da ka ga dama a gaban jama'a, fuska a murtuke, shi kuma ya haɗiye. Wanda ya nuna ya ji haushi an ci shi, wanda ya janye maganarsa shi ma an ci shi. Sun yi furfura a kan haka ba wanda ya ci wani.

Masifar ta zo ne a cikin jakar leda. Sakataren kwamitin tasharmu, Abdulfatah, aka tura wata bita Katsina a kan sanin halayyar ma'aikata. Ya tafi lafiyarsa ƙalau, ya dawo da huluna kala huɗu da wani irin kallo da yake yi wa mutum, kamar mai duba ɗan akuya a kasuwa. Ya tara mu ƙarƙashin bedi, bishiyar darbejiyar da ke cikin tasha, ya ce duk ɗan Adam ɗayan huɗu ne: Wuta, Iska, Ruwa, ko Ƙasa. Mutumin Wuta shi ne na gaba, mai tsawa, a ba shi jar hula. Na Iska mai surutu da shige-shige, rawaya. Na Ruwa mai shiru da zurfin ciki, shuɗiya. Na Ƙasa kuwa inda ka ajiye shi nan za ka same shi, tasa ruwan ƙasa. Ya ce abin da ke hana tasharmu ci gaba shi ne an sa kowa a aikin da ba na halinsa ba.

Na ce a raina malamanmu na zaure sun daɗe suna faɗin wannan, sai dai su ba su ɗinka wa abin hula ba. Ban faɗa a fili ba, saboda shugaban tasha, Alhaji Maɗugu, ya riga ya sa jar hula tun kafin a fara gwajin, kuma ta yi masa kyau.

Aka fara kiranmu ɗaya bayan ɗaya. Abdulfatah ya tambaye ka ko kana da saurin fushi, ko kana son a ji muryarka a taro, ko kana sha'awar shugabanci. To wane ɗan halak ne zai zauna a gaban dattawa ya ce e, shi mai son girma ne? Kowa ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya kiyaye, shi dai talaka ne mai haƙuri. Kafin la'asar tasha gaba ɗaya ta fito Ruwa, har da direban da ya mari bakanike da safiyar ranar. Shuɗayen hulunan kuma ba za su isa ba.

Abdulfatah ya buga wa malamin bitar waya. Aka ce masa ai mutum ba ya ganin kansa, ya tambayi wanda ya fi kusa da kowa. Washegari kowa ya zo da nasa. Ni matata ta aiko da saƙo ta bakin ƙanenta, wai in an kafa ni a wuri sai damina ta tsiro a kaina. Aka ba ni ruwan ƙasa. Har yau abin yana yi mini ciwo, amma ba labarina ake ba.

Da aka zo kan Kalilu aka tambayi wanda ya fi kusa da shi a tashar, sai kowa ya juya ya dubi Rabe. Rabe ya matso a hankali, ya durƙusa, ya ɗaure fuska kamar mai ba da shaida a gaban alƙali.

"Wanga bawan Allah," in ji shi, "tun muna ƙanana ban taɓa jin ya ɗaga murya don son ranshi ba. In ya koma gida, sai a nemi ko shina nan. Kunya gare shi kamar amarya. Wanga ihu da kuke ji, dole ce ta sa. Da dare kuka yakan yi."

Mu da ke wurin ba wanda ya yi ko murmushi. Haka ake yi, in taubashi na aikinsa ba a ɓata masa. Muka dinga gyaɗa kai, wani ma ya ce wallahi shi ma ya lura. Na ɗauka Abdulfatah zai gane, tunda shi ma ɗan garin nan ne. Ina. Idanunsa suka kawo ruwa. Ya ce ai an karanta musu irin wannan a bita, mai yawan hayaniya a waje shi ne mafi shiru a ciki, kuma shekara da shekaru ana zaluntar Kalilu ba wanda ya kula. Ya dafa kafaɗarsa ya ce wahalarsa ta ƙare.

Kalilu bai ko ƙifta ido ba. Da layi ya zo kan Rabe, ya miƙe ya rama da gayya. Ya ce kada sanyin Rabe ya ruɗi kowa, garwashi ne a cikin toka. A gida tukunya ba ta kwana biyu a hannunsa, ya taɓa yi wa raƙumi tsawa ya durƙusa, kuma har a ƙauyen Mazanya in an ce ga Rabe nan, karnuka ma shiga ɗaki suke yi. Muka sake gyaɗa kai. Ranar su biyun suka tafi gida kowa na jin shi ya yi nasara.

Da safe aka raba huluna, aka raba aiki. Rabe ya samu ja, aka tsayar da shi bakin ƙofa ya kira fasinja. Kalilu ya samu shuɗiya, aka kafa masa benci ƙarƙashin bedi, aka ce daga yau shi ne mai sasanci, duk masu rigima a kawo masa, kuma kada kowa ya sake tilasta masa ɗaga murya. Suka kalli juna daga nesa. Kowannensu yana jiran ɗayan ya ce a'a, wasa ne. Ba wanda ya ce.

Ban taɓa ganin kiran fasinja irin na Rabe ba. Sai ya bari mutum ya zo daf da shi, ya yi masa sallama, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, sannan ya ce cikin raɗa ko Allah ya sa Maraɗi za shi, in ba damuwa. In mutumin ya ce a'a, Rabe ya ba shi haƙuri ya raka shi titi. Abin mamakin shi ne tsoronsa aka fara ji. Labarin raƙumin ya zaga, jar hular kuma tana kansa. In ya yi tari, 'yan dako su watse. Wata rana ya ɗaga hannu zai kori ƙuda, wani direba ya faɗa ƙarƙashin motarsa. Rabe ya tsuguna yana tambayarsa ko lafiya, direban na roƙonsa ya yi masa rai.

Shari'ar farko da aka kawo wa Kalilu ta wasu 'yan kasuwa ce mata biyu daga Maraɗi, Zalika da Husaina, a kan wadda za ta zauna gidan gaba a mota. Sun zo suna nuna wa juna yatsa, kowacce na ambaton kakannin ɗayar. Irin rigimar da Kalilu kan kashe da tsawa ɗaya ce, ya haɗa su duka biyun a gaba ya rufe ƙofa. Na ga ya ja numfashi, jijiyar wuyansa ta tashi. Sai ya hango Rabe a bakin ƙofa ya zuba masa ido, gefen bakinsa na motsi. In ya yi tsawar nan, ya nuna hular ta dame shi ke nan. Ya haɗiye ta. Idanunsa suka yi jawur, gumi ya keto masa, ya ƙura wa matan ido bai ce uffan ba.

Matan suka yi ta yi har suka gaji, suka fara jin kunyar shirun. Zalika ce ta fara sauke murya, ta ce ita dai ƙafarta ce ke ciwo. Husaina ta ce ai da ta faɗa tun farko. Suka tashi riƙe da hannun juna, suka ajiye masa goro. A mota suka ba da labari cewa akwai wani malami a tashar Jibiya da ke duba cikin mutum ba tare da ya buɗe baki ba.

Kafin wata ya ƙare sunansa ya koma Malam na Ruwa. Daga Farfaru aka zo da rikicin iyakar gona, daga Kusa aka zo da na gadon jaki. Masu rigima su zauna a gabansa su yi ta zuba, shi kuma yana cika yana batsewa, yana danne ashar a maƙogwaro, su kuwa suna ganin zurfin tunani ne. In ya cije leɓe, a ce ya gano mai gaskiya. In ya runtse ido don takaici, marar gaskiya ya fashe da kuka. Wani jami'in duwan, wato kwastan, daga tsallaken iyaka ya zo cikin kayan gida, ya zauna gabansa tun hantsi har azahar, ya tashi ya ce tunda aka haife shi ba a taɓa faɗa masa gaskiya irin ta yau ba. Ƙwan zabi da goro da 'yan kaji suka yi ta taruwa ƙarƙashin bencin. Maganar samu, ya fi da nesa ba kusa ba.

Amma mutumin ramewa yake yi. Ni na sani, domin kullum da rana tsaka in na tayar da injin iska, sai ya sulale ya zagayo bayan rumfata. Akwai wata tsohuwar tayar tirela a jingine. Sai ya cusa kansa ciki, ya bari ƙarar injin ta rufe, ya kwarara Maraɗi har sai tayar ta yi rawa. Ya fito yana haki, ya gyara hula, ya koma bencinsa. Ranar da na fara gani dariya ta kusa kashe ni. Daga baya na daina dariya, na koma barin injin yana aiki ko babu taya a gabana.

Na same shi na ce ya je ya gaya wa Abdulfatah gaskiya a huta. Ya dube ni kamar na ce ya yi tsirara a kasuwa. Ya ce shekara nawa yana riƙe da wannan wasa, sai yanzu da jikoki zai je ya kai ƙarar taubashi wurin sakatare? Ya ce Rabe ne ya fara, shi zai janye. Na je wurin Rabe, wanda a lokacin muryarsa ta fara dushewa saboda ƙoƙarin ihun da Allah bai halicce shi da shi ba. Ya ce in dai raƙumin bai tashi daga durƙuson da Kalilu ya sa shi ba, shi ma ba zai tashi ba. Na rasa wanda zan fara mari a cikinsu.

Ganin haka na tafi wurin Abdulfatah da kaina, na ce masa mutanen nan taubasai ne, duk abin da suka faɗa ƙarya ce, kowa ya sani. Ya saurare ni da haƙuri, yana kallon hulata ba fuskata ba. Ya ce mutanen Ƙasa dama ba sa son canji, kuma ba laifina ba ne. Ya ce a bitar ba a kawo maganar taubashi ba, da tana da muhimmanci da an kawo. Sannan ya nuna mini layin masu jiran Malam na Ruwa, ya nuna mini 'yan dakon da ke rakuɓewa in Rabe ya gifta, ya tambaye ni wace shaida kuma nake nema.

Abu ɗaya ne bai bi tsarin ba, shi ne motoci. Sun ƙi cika. Motar da kan tashi kafin hantsi sai ta kai la'asar da fasinja uku da buhun albasa. Matafiya su sauka a titi, su kasa kunne, su ji shiru, su ɗauka ko an sake rufe iyakar ne, su hau babur su bi ta daji. Direbobi suka fara guna-guni. Rabe ya dage iya ƙarfinsa, ya sha citta, ya sha kanumfari, har wata safiya ya buɗe baki iska kawai ta fito.

Alhaji Maɗugu ya kira sakatare ya yi masa wankin babban bargo. Abdulfatah ya ce tsari ba ya kuskure, wutar Rabe ce ba ta gama kamawa ba, kuma ba za a mayar da mutumin Ruwa bakin ƙofa a sake kashe shi da ransa ba. Masu jar hula a tashar kuwa, ban da Rabe, sai Alhajin da kansa. Alhaji ya ce shi bai yi shekara talatin yana tuƙi don ya tsufa yana kiran fasinja ba.

Wani direba, Habibu, shi ya kawo mafita, kuma har gobe ban yafe masa ba. Ashe ya taɓa ɗaukar muryar Kalilu a waya tun shekarun baya, da ita yake tashin kansa sallar asuba, wai ita kaɗai ke iyawa. Ya kunna wa Abdulfatah. Kwana biyu aka sayo lasifika, aka ɗaure ta a kan dogon ƙarfe a bakin ƙofa, daidai saman rumfata, aka haɗa da batirin mota.

Ina cikin cire ƙusa a taya na ji ta. Maraɗi, Maraɗi, saura mutum ɗaya, Hajiya kawo kayan, kai mai jar riga ina za ka. Har tarin da yakan yi a tsakiya yana ciki. Awaki suka ɗaga kai. Mutane suka fara kwararowa daga titi, duk mai jar riga da ya zo wucewa sai ya tsaya ya waiga. Kafin azahar mota huɗu ta tashi.

Na waiga wajen bedi. Kalilu na zaune da wasu mutum biyu masu rigimar kuɗin awo a gabansa, amma ba su yake kallo ba. Ya ɗaga kai yana kallon ƙarfen, baki a buɗe. Tausayinsa ya kama ni har na ji kamar in hau in tsinke wayar.

Direbobi suka ce wa Abdulfatah tunda muryar Kalilu ce ke cika mota, me zai hana a dawo da mai ita? Ya ce sam. Ya ce wannan ihun ciwo ne da ya daɗe a jikin Kalilu, yanzu Allah ya sa an cire masa, an rataye a kan ƙarfe yana yi wa jama'a amfani, shi kuma ya samu lafiya. Wa zai mayar wa mutum da ƙari bayan likita ya yanke? Alhaji Maɗugu ya ce maganar ta shiga hankali, ga shi kuma na'ura ba ta karɓar kamasho. Aka sa ranar Lahadi, ranar kasuwa, kwamiti zai zauna ya soke aikin ɗan kamasho gaba ɗaya.

Rabe a bakina ya ji. Ya daɗe tsaye da igiya a hannu, don an riga an mayar da shi ɗaurin kaya, da jar hularsa. Ya tambaye ni da 'yar muryar da ta rage masa ko sokewa har abada ake nufi. Na ce har abada. Ya tafi ya bar igiyar a ƙasa, abin da bai taɓa yi ba.

Ranar Lahadi tasha ta cika maƙil. Kwamiti ya zauna a kan tabarma kusa da bedi, lasifika na ta aikinta a sama. Abdulfatah ya miƙe zai yi bayani, sai ga Rabe ya ratso taro. Mutane suka dare masa hanya har da masu tuntuɓe. Ya tsaya gaban Alhaji Maɗugu, ya cire jar hular, ya riƙe ta da hannu biyu. Sai da aka rage ƙarar na'ura kafin a ji shi.

"Alhaji, ƙarya na yi. Kalilu bai taɓa yin shiru ba tunda anka haihe shi, ko barci shikai magana shikai. Wasa ne na taubashi." Ya juya ya fuskanci bencin. "Na janye. Ka ci ni, ɗan gwaggo. Ku mai da mashi aikinshi."

Mu 'yan tasha mun san nauyin maganar. Wani tsohon direba ya cire tabarau ya goge ido. Shekara hamsin da wani abu ana wasan nan, yau Rabe ya ajiye shi a gaban 'yan kasuwa da baƙi.

Abdulfatah ya yi murmushi irin na mai tausayi. Ya ce jama'a su gani da idonsu, wannan shi ne ainihin mutumin Wuta: ya ratsa taro ba izini, ya katse shugabanni, ya yanke magana cikin zafin rai, gobe kuma ya yi nadama. Ya ce an gargaɗe su a bita kada a kama maganar mai jar hula a lokacin da ransa ya ɓaci. Baƙin da ke wurin suka ce gaskiya ne, dubi yadda idonsa ya yi. Wani ya ce a riƙe shi kafin ya yi ɓarna. Mutum uku suka kama Rabe ta baya suna karkarwa, shi kuma yana ce musu su yi a hankali kada su ji ciwo.

A nan Kalilu ya tashi. Ya tumɓuke shuɗiyar hular ya yar, ya taka har bakin ƙofa, ya tsaya inda ya saba tsayawa, inda ƙafarsa ta yi rami a ƙasa. Ya buɗe ƙafafu, ya cika ƙirji. Ni na ajiye abin da ke hannuna.

"Maraɗi! Maraɗi! Saura mutum guda!"

Ta fito, ba za a ce ba ta fito ba. Amma wata biyu yana haɗiye ta, kuma ta saman ƙarfen an ɗauke ta ne tun yana da sauran ƙuruciya, ga batirin mota a bayanta. Mai kula da na'urar, da ya ga kamar taro ya tashi, sai ya mayar da ƙarar inda take. Muryar sama ta sauko ta danne ta ƙasa. Kalilu ya ƙara ƙarfi, ita ko a jikinta. Ya sake, tari ya sarƙe shi, na saman ma ya yi nasa tarin ya wuce ya bar shi a duƙe.

Wata tsohuwa da ta zo tun safe daga Mazanya ta matso ta kama hannun rigarsa. Ba ta san shi da wani aiki ba sai na bedi.

"Haba Malam, mi ya kai ka? Bar wahal da kanka, wancan na bisa ya hi ka iyawa. Taho ka zamna. Ga ni ga maƙwabciyata tun ɗazu muna jira ka yi muna shiru."

Kalilu ya dubi tsohuwar, ya dubi ƙarfen, ya dubi motar da ke cika ba da shi ba. Ya bi ta a hankali ya koma bencin. Rabe, da aka sake shi, ya tsinci hular a ƙasa ya kakkaɓe, ya tsaya da ita a hannu ya rasa yadda zai yi. Kalilu ya miƙa hannu ya karɓa ya sa. Kwamiti ya soke aikin kafin la'asar.

Kalilu na nan har yanzu ƙarƙashin bedi, layinsa har ya fi na da. Rabe kan zo ya zauna a ƙarshen bencin in ba kaya. Ni daga rumfata ina ganin Kalilu sarai. A cikin muryar da aka ɗauka akwai inda yake jan numfashi kafin ya ce Maraɗi, kuma duk sanda na'urar ta zo wurin, sai in ga ƙirjin Kalilu ya ɗaga, ya tsaya, sannan ya sauka a hankali.